Sai Baba Ya Faɗa da Bakinsa

Baba bai taɓa yarda an cinye shi a dara ba. Ana cinye shi kam, jefi-jefi. Amma da ya hango abin ya taho, sai ya miƙa hannu ya share ramukan da tafinsa, ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce, "Kai, lokacin salla ya yi," ko da kuwa yanzu aka sallame la'asar. Duk 'yan rumfar lemo a kasuwar Zuba sun san shi da wannan hali. Sun kuma san shi da baki. In yana dara, daga layin masu kankana ana jiyo shi yana yi wa abokin wasansa tsiya, yana tambayarsa ko a kira masa matarsa ta zo ta taya shi.

Ni ce 'yarsa ta fari, don haka bakin nan nasa bai cika zuwa kaina ba. Bai taɓa kiran sunana ba, irin kunyar da iyayenmu na Zariya suke yi wa ɗan fari. "Ke" nake a wurinsa tun ina yarinya har na haifi nawa 'ya'yan. Ban taɓa jin haushin hakan ba, don ko daga nesa na ji "ke" ɗinsa na san da ni yake.

Hawan jini ne ya kayar da shi a rumfarsa, ana tsakiyar sauke lodin lemo. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Innarmu ta daɗe da rasuwa, sai na ɗauko shi zuwa gidana a Nyanya, muka gyara masa ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ƙafar ta fara dawowa a hankali, har yana jan ta da sanda zuwa tsakar gida. Baki ne dai shiru. In yana son ruwa ya nuna buta, in yana son a fita a ba shi wuri ya nuna ƙofa. In ka matsa masa, ya juya fuska bango.

Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Filato, kowa a layin Sista yake ce mata. Ita ke shigowa tana duba jininsa tana miƙar masa da hannu. Wata rana ta ja ni bakin famfo ta ce, "Madam, Baba yana ji komai, kai ɗinsa lafiya lau ne. Bakin ne ta yi nauyi, kuma shi yana jin kunya ya yi magana ta fito a karkace. Ku kuma kafin ya nuna abu kun kawo. To me zai sa ya yi try? In an bar shi haka, zai zauna haka."

Maganar ta tsaya mini a rai, don gaskiya ce. Na ce to, tunda a dara ne bakinsa ya fi buɗewa, bari a kawo dara. Maigidana ya haƙa ramuka a gefen bishiyar gwaiba, muka aika wa abokan Baba biyu daga Zuba suka zo ranar Lahadi da kwandon ayaba. Baba ya dubi ramukan, ya dubi abokansa, ya sa ƙafarsa mai lafiya ya ture ƙasa ta rufe su. Mutanen suka sha ruwa suka tafi jiki a sanyaye. Na yi fushi ranar, har na ƙi shiga ɗakinsa. Sai daga baya na gane cewa mutumin da ya saba cika rumfa da murya ba zai zauna gaban waɗanda suka san shi ya yi dara kamar kurma ba.

A saman kabad ɗina akwai wani akwatin katako da ya yi shekaru yana shan ƙura. Ofishinmu na ruwa ya taɓa tura ni wani ɗan gajeren kwas a Japan, kuma matar da na sauka a gidanta ta ba ni shi ranar da zan dawo. Wasa ne na mutum biyu, suna ce masa shogi. Ta koya mini a lokacin, na yi ta gyaɗa kai don kada ta ji ba daɗi, na dawo gida na manta. Abu ɗaya ne ban manta ba, saboda ya ba ni mamaki: wasan ba ya ƙarewa sai wanda aka cinye ya sunkuyar da kai ya faɗa da bakinsa cewa an cinye shi. Wanda ya yi nasara ba ya cewa komai, jira yake yi.

Da na tuna wannan sai na yanke shawara. Na ce wallahi sai Baba ya faɗa. Ba addu'a nake nema daga bakinsa ba, ba hira ba. Kalmomi uku kawai, waɗanda bai taɓa faɗa wa kowa ba lokacin da yake da lafiya.

Na sauko da akwatin, na sake koyon wasan a waya. Allon murabba'i ne, gida tara a tsaye, tara a kwance. Kowa yana da 'ya'ya ashirin, duk launinsu ɗaya, 'yan katakai masu tsini a kai. Inda tsinin ya kalla shi ke nuna na wane ne: naka suna kallon abokin wasanka, nasa suna kallon ka. Rubutun Japan ne a jikinsu, ni kuwa ban iya karantawa ba, sai na manna musu farar takarda na yi zane da biro, na raɗa musu sunayen da za mu gane. Akwai sarki, wanda ke taku ɗaya ta kowane ɓangare, kuma shi ake farauta. In aka rufe masa hanya ta ko'ina, wasa ya ƙare. A gefensa akwai zinare biyu da azurfa biyu, 'yan rakiyarsa, su ma taku ɗaya-ɗaya suke yi, sai dai zinare ba ya komawa baya a karkace, azurfa kuma ba ta zuwa gefe ko baya kai tsaye. Akwai doki mai tsallake, da mashi mai tafiya gaba kawai. Wani babba yana tafiya a miƙe duk nisan da ya ga dama, gaba ko baya ko gefe, na ce wannan tirela ne. Ɗayan babban a karkace yake yanka allo, yana ratsawa ta tsakanin mutane, na ce ai wannan ɗan acaɓar Nyanya ne, ba tambaya. A gaba kuma dakaru tara, kowanne taku ɗaya yake yi gaba.

In ɗanka ya kutsa layuka ukun ƙarshe na gidan abokin gaba, sai ka kife shi, jan rubutu ya bayyana, ya samu ƙarin girma. Ƙaramin dakare ya koma yana taku irin na zinare. Ni da na daɗe a mataki ɗaya a ofis ina jiran takardar ƙarin girma, wannan doka ta burge ni ƙwarai.

Ban gayyaci Baba ba, don na san halinsa. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma kusa da kujerarsa a tsakar gida, na jera allon, na shiga wasa ni kaɗai, ina tura na nan ina zagayawa ina tura na can, ina faɗin dokokin da ƙarfi kamar da kaina nake. Ya yi kamar bai gani ba. Haka muka yi ta yi har wajen mako. Sai na fara yin wauta da gangan. Na ajiye tirela a bakin ƙaramin dakare, na zagaya ɗaya gefen na yi kamar ban ga abin ci ba, na tura wani can daban. Na ji numfashinsa ya canza. Na sake yin haka. A karo na gaba sandarsa ce ta sauko ta buga gefen tabarmar, ya nuna dakaren, ya nuna tirelar, ya dube ni da irin kallon da yake yi wa yaran shago in sun ƙirga lemo ba daidai ba.

Na ce, "Baba, in ka fi ni gani, ga wuri."

Ya sauko tabarma da ƙyar, ya ɗauki dakaren da hannun hagu ya cinye tirelar, ya jefa ta aljihun rigarsa.

Aljihun nan shi ya jawo rigimarmu ta farko. A dara, ɗan da aka ci ya mutu ke nan, ɗan dara ya jefa shi aljihu ko ya cusa ƙarƙashin cinya. A shogi ba ya mutuwa. Ɗan da ka ci ya zama naka. Za ka ajiye shi a fili a gefenka na dama inda abokin wasanka zai gan shi, kuma duk lokacin da ka so, maimakon ka tura wani, sai ka ɗauko shi ka dasa a kowane gida da ba kowa, tsininsa yana kallon tsohon maigidansa. Dokokin dashen kaɗan ne: ba a haɗa dakaru biyu da ba su samu ƙarin girma ba a layi ɗaya na tsaye, ba a kuma dasa dakare don ya zama shi ne ya rufe sarki. Na faɗi wannan duka a gabansa tun ina wasa ni kaɗai, amma Baba ya ji ne da kunnen ɗan dara.

Ya yi ta ci yana zubawa a aljihu, yana gyaɗa kai. Ni kuwa na ɗauko azurfarsa da na ci, na dasa ta a bayan dakarunsa. Ya zaro ido. Ya ɗauke ta ya miƙo mini, wai ta mutu. Na mayar. Ya sake ɗaukewa. Na buɗe waya na nuna masa ana yin haka, ya ture wayar. Muka ci gaba a haka yana huci, har na dasa wani doki da na ci na rufe masa sarki. Na naɗe hannu na ce, "Baba, doka ita ce wanda aka cinye ya faɗa da bakinsa."

Ya sa tafin hagu ya share allon, 'ya'yan suka watse har cikin kwata. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rana, ya nuna buta.

Na yi dariya har da hawaye ina tsince su, don rabon da in ga Babana na Zuba tun kafin ya faɗi. Amma da na shiga kicin sai dariyar ta koma baƙin ciki. Na cinye shi, bai ce komai ba.

Washegari na tarar ya riga ni zama a tabarmar. Ya zazzage aljihunsa, ya buga wurin da ke gefensa na dama, alamar ya gane nan ake ajiyewa. Daga ranar ban sake cinye shi ba sai bayan watanni.

Abin da mutumin nan ya yi da dokar dashe, ni da na koya masa ban san ana yi ba. Shekarun da ya yi yana hango inda zai jera uku a dara sun koya masa ganin gida mara kowa, kuma shogi duk a kan gida mara kowa yake. Sai ya bari na saki jiki, ya dasa doki a inda zai kama tirelata da sarkina lokaci guda. Ya dasa mashi a bayan dakare. Ya ci nawa ya dawo mini da su ɗaya bayan ɗaya. In ya rufe ni sai ya jingina da bango, ya sa hannu a bayan kunne, yana jira. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "An cinye ni." Wani lokaci ya yi kamar bai ji ba, sai na maimaita da ƙarfi har yara su leƙo suna dariya.

Na faɗa kullum, ban taɓa tsallakewa ba, ko ranar da haushi ya cika ni kamar in jefa allon bayan katanga. Ina so ya saba da jin ta. Ina so ya san cewa tunda yana karɓa daga bakina yana jin daɗi, dokar ta hau kansa shi ma.

Sista ta shigo wata rana ta same mu. Ta tsaya tana kallo, sannan ta ce, "Madam, hannun hagu ta yi ƙarfi, fuska ma ta sake. Amma ke ce kike magana kullum, shi yana enjoy. Ba haka muka yi plan ba."

Na ce, "Sista, ba da gangan nake bari ba. Ya fi ni ne."

Ta ce, "To ki fi shi mana."

Cunkoson hanyar Nyanya ya zama makarantata. Duk wanda ya san hanyar nan da safe ya san mota tana iya tsayawa a gangaren hanyar har direba ya kashe inji. Da can zagi nake yi a zuci. Yanzu sai in ciro waya in yi ta warware darussan rufe sarki, ana matse ni ta hagu da dama, kwandasta yana ihu a kaina. Wata mata ta taɓa leƙowa ta tambaye ni ko caca nake yi. Na ce mata a'a, ubana nake so in kayar. Ta ja jakarta ta matsa.

Na koyi gina wa sarkina katanga a lungu da zinare biyu da azurfa kafin in fita yaƙi. Wasanninmu suka ƙara tsawo, amma ƙarshensu ɗaya. Akwai yammacin da na kusa, saura ƙiris, na yi gaggawa na dasa dakare a layin da nake da wani. A dokar wasan, wanda ya yi haka ya faɗi nan take. Baba ya nuna su biyun da yatsa, ya sa hannu a bayan kunne. Ranar na faɗa ne haƙorana a cije, na shiga ɗaki na yi kuka, ba don wasa ba. Na fara tsoron ko zai mutu ban sake jin muryarsa ba.

Ginin katangar nan ne ya buɗe mini ido. Ina lura da nawa sarkin, sai na lura da nasa. Baba bai taɓa motsa shi ba. Yana nan a tsakiyar layin baya inda aka jera shi, 'yan rakiyarsa duk sun tafi farauta, sai zinare ɗaya a gefensa. Dalilin a fili yake: a dara babu sarki. Duk 'ya'ya ɗaya suke, kuma wanda ya fi ci shi ke da wasa. Baba ya karɓi dashe, ya karɓi ƙarin girma, amma a zuciyarsa har yanzu ƙirga ci yake yi. Ban taɓa ganin an ajiye masa abin ci ya wuce ba.

Ranar Asabar ce, bayan la'asar, an yi ruwa da rana ƙasa tana ƙamshi. Maigidana ya fita da yara, gidan daga ni sai shi. Na yi katangata, na bar shi ya yi ta ci a gefe. Ya ci mashina, ya ci dokina, ya jera su a damansa yana shafawa. Ni abu biyu kawai na sa a gaba. Na lallaɓa da dakare ɗaya har ya tsaya gida biyu a gaban sarkinsa, na kuma yi musayar da ta bar mini zinare ɗaya a hannu. Da na dasa zinaren a gaban sarkin a lokacin, zinarensa na gefe zai cinye shi. Sai an janye mai gadin nan.

Na ɗauki tirelata, ɗan da na fi ji da shi, na tura ta har gefen zinaren nasa, inda zai ci ta in ya matsa nesa da sarki. Na saki, na dafe baki kamar na yi kuskure.

Ya dube ni, ya dubi tirelar. Na ga yana zargin wani abu, don ya daɗe bai taɓa komai ba. Na kafa ido a kan tabarma ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can sai na ji ƙarar katako. Ya ci.

Na ɗauko zinarena na dasa a gaban sarkinsa, dakarena yana tsare masa baya.

Baba ya sunkuya. Ya bi gidajen da yatsa: hagu a rufe, dama a rufe, gaba a karkace duk a rufe. Ya taɓa zinaren nawa, ya ga dakaren a bayansa. Ya dubi tarin da ke damansa, tirela da mashi da doki da dakaru, babu wanda zai iya shiga tsakani. Sannan ya ɗaga tafin hagu a kan allon.

Na san abin da ke zuwa. Buta tana nan kusa da ƙafarsa. Bakina ya cika da magana, ina so in ce Baba kada ka yi, ina so in tuna masa sau nawa na sunkuya masa. Na haɗiye. Wanda ya yi nasara ba ya cewa komai. Na ɗora hannuwana a cinya na jira, ina kallon hannun nan a sama.

Hannun ya sauko a hankali, ba a kan allon ba. Ya sauka a kan 'ya'yan da ya ci, ya rufe su. Baba ya sunkuyar da kai. Leɓensa na hagu ya motsa, na dama ya ƙi. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ba kalma ba ne, ya tsaya, jijiyar wuyansa ta tashi. Yawu ya zubo ta gefen da ya shanye, na yi kamar ban gani ba. Ya sake gwadawa, ya sake.

"An... cin... ni."

A karkace ta fito, rabinta ya maƙale a hanya, amma muryarsa ce, ta rumfar lemo. Na so in sunkuya masa ni ma, yadda mai nasara yake yi bayan an faɗa, sai na kasa ganin allon saboda hawaye. Na sa gefen mayafi ina sharewa, ina cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi, ban san sau nawa ba.

Sandarsa ta buga gefen tabarma. Na ɗago. Ya ture mini tirelata da sauran 'ya'yan, fuskarsa a murtuke, ya nuna allon da haɓa.

"Ke," in ji shi. Ya ja numfashi. "Jera."